Rabon Lita 20 Na Man Gyaɗa Da Mazubai Marasa Alama: Nazarin Wani Lamari A Aboabo, Kumasi

Yadda abin yake kafin matsala

Mata biyu ne a gida ɗaya a unguwar Aboabo da ke Kumasi, babbar yayar mijin ƙaramar ce. Babbar tana suyar ƙosai daga idar da sallar asuba zuwa hantsi a gefen wata mai koko, ƙaramar kuma tana da tebur a ƙofar gida inda take sayar da mai a kwalba da ƙullin leda. Sun daɗe suna haɗa kuɗi daidai wa daida duk ranar Alhamis, su sayi jarka ɗaya ta man gyaɗa a wajen wata mai ƙuli-ƙuli. Jarkar irin ruwan ɗorawar nan ce da mutanen Ghana ke kira galan ɗin Kufuor, sunan da ya bi ta tun mulkin Shugaba John Agyekum Kufuor, daga 2001 zuwa 2009, lokacin da ƙarancin ruwan famfo ya sa jama'a yawo da ita daga unguwa zuwa unguwa. Akwai mai cin lita 20, akwai mai cin 25, kuma ta matan nan ana sayar musu da ita ne a matsayin lita 20. Kalmar galan a bakin 'yan kasuwa sunan mazubi ne kawai, ba ta da alaƙa da galan na Ingila mai lita 4.546 ko na Amurka mai lita 3.785.

Rabon bai taɓa zama abin magana ba, domin akwai wani ƙaramin galan mai lita 10 a gidan. Babbar takan cika shi ta ɗauka, abin da ya rage a jarka ya zama na ƙaramar. Wata Laraba galan ɗin ya faɗo daga kan tebur, gindinsa ya tsage. Abin da ya saura a gidan shi ne bokiti mai lita 9, da roba mai lita 6, da wata tukunyar ƙarfe mai lita 8 da ake dafa abinci a cikinta, wadda ba wanda ya lissafa ta cikin kayan awo. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da zane ko lamba a jiki. An san girman kowanne ne tun ranar da aka sayo shi.

Makon farko da na biyu: ido, sanda da kwalba

A Alhamis ta farko an raba man da ido. Ƙaramar ta tsoma tsabtatacciyar sanda cikin jarka, ta yi alama a inda mai ya tsaya, ta raba tsawon biyu, sannan aka yi ta tsiyayewa har man ya sauka zuwa rabin. Jarka ba ta da faɗi ɗaya daga sama zuwa ƙasa: kafaɗarta a tsuke take saboda mariƙi, cikinta kuma ya kumbura da tsufa. Saboda haka rabin tsawo bai zama rabin mai ba, kuma tun kafin Talata babbar ta ce rabonta bai kai ba. Wani ya kawo shawarar a karkata mazubi har mai ya taɓa leɓe ta gefe ɗaya, ya fara buɗe gindi ta ɗaya gefen. Wannan dabara tana ba da rabi a gwangwani miƙaƙƙe da aka cika fal, amma ba ta yi a jarka mai baki a kusurwa, ba ta kuma yi a bokitin da samansa ya fi ƙasansa faɗi, don haka aka bar ta.

A mako na biyu aka koma kwalba. Wadda aka saba auna manja da ita a kasuwa ita ce babbar kwalbar giya mai mililita 625, kuma 16 daga cikinta lita 10 ne cif, amma babbar ta ce kwalbar giya ba za ta shiga gidanta ba ko an wanke ta sau bakwai. Sai aka ɗauko robar ruwan sha mai lita ɗaya da rabi, ana ɗurawa da mazurari, ɗaya ga wannan, ɗaya ga waccan. Kowacce ta samu shida, lita 18 ke nan a lissafi, ɗan abin da ya rage kuma aka sake raba shi da ido. Aikin ya ci fiye da awa ɗaya, mai ya zuba a ƙasa, an yi musu sau biyu a kan ko wuyan robar ya cika, sau ɗaya kuma ƙirga ta ɓace sai da aka tsaya ana tuna baya. Rabon ya fi na makon farko kusa da daidai, amma dukansu biyu sun ce ba za su iya wannan wahala kowane mako ba.

Mako na uku: bokitin 9 da robar 6

Ɗan ƙaramar, ɗalibi a babbar sakandare, ya ce a bar masa. Ya san wasan nan na lissafi da ake raba awo 8 gida biyu da mazubai masu cin 5 da 3, wanda ke ƙarewa a juyi bakwai. Wasa ne tsoho: Niccolò Tartaglia na Italiya ya yi magana a kan irinsa a ƙarni na 16, Claude-Gaspard Bachet na Faransa kuma ya sa irinsa a littafinsa na wasannin lissafi da ya fito a 1612. Ƙa'idarsa ita ce ba a tsayar da juyi a tsakiya da ido; ko dai mazubin da ake zubawa daga cikinsa ya ƙare, ko wanda ake zubawa a cikinsa ya cika.

Yaron ya cika jarka da ruwa ranar Asabar, ya zauna a tsakar gida da bokiti da roba tun bayan azahar. Ya cika 9, ya juye a 6, saura 3. Ya mayar da 6 cikin jarka, ya zuba 3 a roba, ya sake cika 9. Yana yi yana rubuta abin da ya rage a jarka a bayan littafinsa: 11, 17, 8, 14, 5, sai kuma 20 ta dawo. Ya sauya hanya ya fara da roba, lambobin nan dai suka sake fitowa. Da magariba ta yi kusa, gwaggonsa ta leƙo daga ɗaki ta ce, “Kai, ruwan nan da kake wasa da shi saye ake yi.” Ya ce, “Gwaggo, saura kaɗan.” Bayan isha'i ya kawo mini takardar, kasancewar ni maƙwabcinsu ne kuma lissafi nake koyarwa.

Ba saura kaɗan ba ne, hanyar ce babu ita. Lambobin 9 da 6 dukansu 3 tana raba su ba saura. Duk cikawa da duk juyewa ƙari ne ko ragi na 9 ko na 6, don haka abin da zai taɓa zama a wajen jarka ba ya wuce ninkin 3, wato 3, 6, 9, 12 ko 15. Goma ba ta cikin wannan jeri, kuma mafi kusa da za a samu shi ne 9 a waje, 11 a ciki. Wannan ita ce ƙa'idar da ake jingina wa Étienne Bézout, masanin lissafi na Faransa a ƙarni na 18, ko da yake Bachet ya riga shi nuna ta a kan cikakkun lambobi: da mazubai biyu, awon da za a iya fitarwa dole ya zama ninkin babban adadin da ke raba girmansu biyun ba saura. Hanyar gano wannan adadi kuwa tana cikin aikin Yuklid, masanin lissafi na Girka, tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Na ce wa yaron ya nemo mazubin da ba ya tarayya da 9 a wani adadi in ban da 1, na ba shi misali da 7. Ban tambaye shi sauran mazuban da ke gidan ba. A wannan makon an sake rabon da kwalba, rai a ɓace.

Mako na huɗu: bokitin 7

An aro wani bokiti a maƙwabta, wanda mai shi ta ce lita 7 yake ci. A takarda yaron ya gwada hanyoyi biyu. Idan aka riƙa cika 9 ana juyewa a 7, ana kai ga lita 10 a juyi na 19. Idan kuwa aka riƙa cika 7 ana juyewa a 9, juyi 11 ya isa. Ga yadda ta biyun take. A cika 7 a juye a 9. A sake cika 7 a ƙarasa cika 9 da shi, saura 5. A mayar da 9 cikin jarka, a zuba 5 ɗin a bokitin 9. A cika 7 karo na uku a ƙarasa cika 9, wanda 4 kawai yake nema, saura 3. A sake mayar da 9 cikin jarka, a zuba 3 ɗin a bokitin 9, sannan a cika 7 karo na huɗu. Yanzu akwai 3 da 7 a waje, 10 a jarka. A taƙaice an cika 7 sau huɗu, 28 ke nan, an mayar da 9 sau biyu, 18 ke nan, bambancin 10.

An fara gwadawa da ruwa a gaban matan biyu, aka ga jerin ya tafi kamar yadda aka rubuta. Ranar Alhamis aka yi da mai. Da yake mai rabon ɗan ɗaya daga cikinsu ne, an yarda babbar ce za ta zaɓa, sai ta zaɓi jarka, tana ganin man da ke cikinta ya fi tsira daga maƙalewa a jikin bokitai. Ranar Laraba da safe man nata ya ƙare ƙosai bai ƙare ba, alhali lita 10 takan kai ta har Alhamis. Ba ta yi faɗa ba, amma da ta haɗu da yaron a zaure ta tambaye shi ko a makarantarsu ta allo ya kai Suratul Muɗaffifina. Uwarsa ta ji, kuma daga ranar har ƙarshen mako gaisuwa kawai ke haɗa matan biyu.

Mako na biyar: sikeli

Lissafin ba shi da kuskure, don haka zargi ya koma kan mazuban. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka sikeli yana iya faɗin girman mazubi. Muka ɗauki mazuban zuwa shagon wani mai shinkafa da ke da sikeli mai nuna gram ɗari-ɗari, muka auna kowanne babu komai, muka sake auna shi cike da ruwa baki da baki. Bokitin 9 ya ba da kilo 9, robar 6 ta ba da kilo 6. Bokitin aro ya ba da kilo 7.2.

Kashi biyu cikin goma na lita ba abin da ido zai kama ba ne, kuma mai bokitin ba ta yi ƙarya ba, domin adadin da ake faɗa a kan mazubi sau da yawa ba har leɓe ake nufi ba. Amma an cika wannan bokiti sau huɗu. Abin da ya fita daga jarka ya zama 28.8, aka mayar da 18, sai rabon waje ya zama lita 10.8, na jarka 9.2 idan an ɗauka cewa 20 ce ta zo. Tazarar da ke tsakanin matan biyu ta kai lita 1.6 daga kuskuren da bai fi ƙaramin kofi ba. Akwai kuma wani abu da ya fito a wurin awon. Bokiti mai faɗin baki santimita 25, idan aka bar santimita ɗaya tak a sama ba a cika ba, an rasa kusan rabin lita. Ba wanda ke yarda ya cika bokiti da mai har ya tumbatsa, saboda tsoron asara, don haka kowane “ya cika” na ranar Alhamis ya ɗan bambanta da ɗan'uwansa. Ga kuma man da ke bin jikin roba, wanda ba ya gama tsiyayewa sai an jira.

Da muka dawo gida, ƙaramar tana wanke tukunyar ƙarfe a bakin rariya, sai na tambayi girmanta. Ta ce 8. Yaron ya ce ya gan ta tun farko, amma ya bar ta saboda ya zaci 8 da 9 suna buƙatar juyi mai yawa, alhali juyi biyar ya isa, 8 da 6 kuma suna tarayya a 2, ni kuma na ce a guji tarayya. A nan gajeriyar maganata ta mako na uku ta nuna illarta. Sharaɗin ba shi ne adadin tarayya ya zama 1 ba, sharaɗin shi ne ya raba awon da ake nema ba saura, kuma 2 tana raba 10. A cika 8, a juye a 6, saura 2. A mayar da 6 cikin jarka, a zuba 2 ɗin a roba, a sake cika 8. Juyi biyar, 2 da 8 a waje, 10 a jarka, da kayan da ke gidan tun ranar da galan ya fashe. Sikelin mai shinkafa ya tabbatar washegari cewa tukunyar kilo 8 na ruwa take ci.

Wannan makanta sananniya ce ga masu nazarin halayyar ɗan'adam. A 1942 Abraham Luchins a Amurka ya wallafa gwajin da ya yi da irin waɗannan tambayoyi na tuluna. Ya fara ba mutane waɗanda hanya ɗaya ke warware su, kamar fitar da 100 daga tuluna masu cin 21 da 127 da 3, inda ake cika babban a rage 21 sau ɗaya da 3 sau biyu. Da ya ba su 23 da 49 da 3 ya ce su fitar da 20, da yawansu suka bi doguwar hanyar da suka saba, alhali rage 3 daga 23 ya wadatar.

Mako na shida: alama

An yanke shawarar kada a sake yin juye-juye da mai. Matan biyu suka haɗa kuɗi aka sayo farar jarka siririya a kasuwar Kejetia, wadda ake hango ruwa ta jikinta, kuma ta fi lita 10 girma. An zaɓi siririya ne domin a mazubi mai tsukakken jiki ƙaramin bambanci yakan fito fili a tsawo. Aka ajiye tukunya da roba a kan siminti mai daidaito, kowacce cikin faranti, aka riƙa cika su da ruwa har sai sun fara zuba ta leɓe. Aka juye 8 a farar jarka, aka sake cika 8, aka cika 6 daga cikinta, sauran 2 aka bi da su. An yi haka sau uku, kuma duk sau ukun ruwan ya tsaya a wuri ɗaya, bambancin bai kai kaurin tsinken ashana ba. Babbar da hannunta ta karce wurin da bakin wuƙa, aka bi karcen da jan fenti. A sikeli ruwan ya ba da kilo 10.

An shanya jarkar ta bushe, ranar Alhamis aka ɗura mai har alama, kuma babbar ta ce a sake kai ta sikeli ta gani. Sikeli ya nuna kilo 9.1 bayan an cire nauyin jarka. Ta dubi yaron ta ce, “To, ina sauran?” Ya ɗebi ruwa a kofin gilashi ya ɗiga mai a kai, man ya taso sama, ya ce, “Gwaggo, ai mai bai kai ruwa nauyi ba, shi ya sa yake hawa kansa.” Lita ɗaya ta man gyaɗa gram 910 zuwa 920 take yi, don haka kilo 9.1 shi ne abin da ake sa ran gani. Ta juya kofin a hannunta na ɗan lokaci, ta ce ta sani, kullum tana gani a miya.

Aka juye rabonta a bokitinta, aka jira jarkar ta tsiyaye, sannan aka ɗura rabon ƙaramar. Man ya ƙare bai kai alama ba, da giɓin kimanin rabin lita. Jarkar mai ƙuli-ƙuli lita 19 da rabi ta kawo.

Mako na bakwai zuwa yau

An raba giɓin wannan makon tsakaninsu da ludayi. Alhamis ta gaba matan biyu suka tafi tare wajen mai ƙuli-ƙuli da farar jarka. Ita ma da ido take cikawa, tana barin wuri a sama don kada mai ya zuba a mota, kuma ba ta yi gardama ba. Tun daga lokacin take auna musu alama biyu a gabansu, kowacce ta karɓi nata a can, rabon gida ya ƙare gaba ɗaya. Aikin bai kai minti goma ba. Man babbar ya koma kai ta Alhamis, an mayar da bokitin aro, tukunya ta koma murhu.

Hukunci

Matsalar da aka ɗauka guda ɗaya ce ashe uku ce, kuma kowacce ta ɓoye ta bayanta. Ta farko ta lissafi ce, kuma ita ce mafi sauƙi: da an duba adadin da ke raba 9 da 6 kafin a taɓa ruwa, da yinin Asabar bai salwanta ba. Ta biyu ta mazubai ce. Wasan juye-juye yana ɗauka cewa girman kowane mazubi tabbatacce ne, cikawa cikakkiya ce, juyewa kuma ba ta barin ɗigo, kuma ba ɗaya daga cikin ukun da ya tabbata a kan mai da bokitin roba. Kuskuren kowane mazubi yana ninkuwa da yawan cika shi, saboda haka gajeriyar hanya ba lokaci kawai take ragewa ba. Da tukunyar 8 ce ke da ƙarin 0.2 irin na bokitin aro, da kuskuren ya tsaya a 0.4, rabin abin da aka gani.

Babban sakacin mako na huɗu, a ganina, shi ne rashin bincike bayan gwajin ruwa. Da an juye abin da ya rage a jarka cikin bokitin 9, ya kamata a ga lita ɗaya ta saura, kuma ganin ɗan abin da bai kai kofi ba ya isa ya tsayar da kowa kafin a taɓa mai. Wannan laifi na raba shi da yaron, har nawa ya fi, domin shi ya bi abin da na faɗa masa ne, ni kuma na ba da ƙa'ida rabi, ban nemi ganin mazuban ba.

Ta ukun ita ce wadda juye-juye ba zai taɓa ganowa ba, komai kyawun lissafinsa. Hanyar tana tabbatar da abin da ya fita daga jarka ne kawai, abin da ya rage a ciki kuwa ya dogara ga gaskiyar lita 20 ɗin farko. Tsohon galan mai lita 10 ma haka yake aiki. Idan jarkar ta saba zuwa da giɓi tun da can, to ƙaramar ce ta riƙa ɗaukarsa ita kaɗai duk tsawon shekarun, tunda ita ke karɓar saura, amma da yake kaɗan-kaɗan take sayarwa a leda, babu ranar da abin ya fito mata fili kamar yadda ya fito wa mai suya. Na faɗa musu wannan a gaban juna. Babbar ta yi shiru, sannan ta ce daga yanzu ƙaramar ce za ta riƙa fara ɗura nata.